Ragon turke ya ɗaga kai sama ya daina gani, a taimaka

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar turke. Dan Allah mai masaniya ya taimaka da gaggawa. Balamin da na turke na layya ne tun da asuba na ganshi wani iri, ya ƙi dusa, ya koma gefe ya ɗaga kai sama yana kallon rufin kwano, in ya tashi tahiya sai tangaɗi har ya je ya haɗa kai da bango ya tsaya nan yana dannawa. Jiya da dare lahiyarshi lau wlh har tunkuyi yake. Ba majina ba tari. Ina Ƙofar Guga.

Alhaji Mai Raguna: Wa alaikumus salam. Malam kira mahauci tun da sauran numfashi, ko rabin kuɗinka ka tsira da shi. In ka tsaya jiran shawarar guruf mushe zaka ja zuwa bola.

Maman Ummi: Subhanallah Allah shi kyauta. Anya ba baki bane? Rago in yai kyau kowa ya shigo gida sai ya tanka, ni dai nawa ko hoto bana bari a ɗauka

Ɗan Mashi: Tsutsar kai ce. Mun sha gani a ruga, in an yanka aka fasa kan sai ka tarar da jakar ruwa cikin ƙwaƙwalwa. Bata da magani.

Dakta Daura: Alhaji a ɗan dakata da wuƙa tukuna. Baban Khalifa amsa mani waɗannan da sauri. Me kake bashi, kuma ka canza abincin kwanan nan? Yai zawo? Jikinshi da zafi? Akwai kaska a jikinshi, ƙarƙashin wutsiya ko tsakanin ƙafafu? Akwai tsohon batir na mota ko na sola a inda yake? Kare ya taɓa cizonshi? Sannan ka kai hannu da sauri wajen idonshi amma kar ka taɓa shi kuma kar iskar hannun ta bugi idon, ka ga ko zai ƙifta. Bayan nan ka haska mashi tocilan ka duba baƙin idon ko zai tsuke.

Baban Khalifa: Dakta ranka ya daɗe, harawa tai tsada shine na rage ta sosai na koma niƙaƙƙiyar masara da dusar alkama, ina cika mashi kwano safe da yamma don ya ciko kafin sallah. Yai zawo kwanakin baya amma ya tsaya da kanshi. Ba kaska ba batir, kare kuma bai shigowa gidan. Jikin ba zafi. Na kai hannu bai ƙifta ba ko kaɗan, amma da na haska baƙin idon ya tsuke

Dakta Daura: Toh. Ban ganshi da idona ba amma abin da ka lissafo ya fi kama da ƙarancin tayamin, wato bitamin B1, wanda ke taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa. Idon kanshi lahiya lau yake shi yasa ya tsuke, wurin da ke fassara gani a ƙwaƙwalwa ne ya tsaya. Tashi yanzu ka nemo allurar tayamin zalla. Ma'auni miligiram 10 ne a kowane kilo, in ragon ya kai kilo 50 kenan miligiram 500, in kwalbar mai 100 ce a kowane mil to mil 5 kenan. Ta farko an fi so ta jijiya a hankali, amma wannan sai ma'aikacin dabbobi, in an tura da sauri tana iya kada shi. In babu mai yi a kusa a yi ta tsoka. A maimaita duk awa 6 a ranar farko sannan a ci gaba kwana biyu zuwa uku. Ɗauke masarar gaba ɗaya, a bar mashi harawa da ruwa, a sa shi inuwa inda ba zai ji ciwo ba in ya fara shure-shure. Kuma kar a ɗura mashi komai ta baki yana wannan hali, zai shaƙe ya tahi huhu.

Baban Khalifa: Na fita yanzu

Alhaji Mai Raguna: Dakta ba raini ba, amma ni hankalina bai ɗauka ba. Ragon da ake cika ma kwano da masara shine za a ce bitamin ya mashi kaɗan? Na daji da ke cin kara da leda fa, su basu makance ba sai ɗan gata?

Dakta Daura: Ai Alhaji gatan ne ya jawo. Rago ba daga kwano yake samun tayamin ba, ƙwayoyin bakteriya na cikin tumbinshi ne ke ƙera mashi, muddin yana cin ciyawa yana tuƙa. Ranar da ka antaya mashi hatsi da yawa lokaci guda sai tumbin yai tsami, irin asid ɗin da ke cikin nono mai tsami ne ma yake taruwa, masu ƙera bitamin su ragu, wasu irin bakteriya su yawaita waɗanda ke fitar da wani enzayim mai suna tayamines, aikinshi kawai ya farfasa tayamin kafin jiki ya tsotsa. Zawon da yai kwanakin baya shine gargaɗin farko. Shi kuma B1 jiki bai aje shi da yawa, don haka ba a daɗewa.

Maman Ummi: Dakta meye kuma enzayim dan Allah a yi mana da Hausa, mu ba boko mai zurfi mukai ba

Ɗalibi Samaru: Dakta bari in gwada, in na kauce a gyara mani, wannan zangon muka yi shi. Hajiya enzayim furotin ne da jiki ke ƙerawa, kowanne aikinshi guda, ya juya wani sinadari ya koma wani, cikin sauri. Sukarin da ke cikin jini, gulukos, ba haka nan yake zama ƙarfi ba, sai ya bi ta hannun enzayim da yawa a jere. Na farko a ƙwaƙwalwa sunanshi hekzokaines, shi ke cafke sukarin da zarar ya shiga ƙwayar ya hana shi fita. In an haɗa da wannan, mataki goma ne har ya zama wani abu da ake ce ma fairubet. To nan ne maganar take, don a ƙona fairubet a cikin maitokondiriya, ɓangaren ƙwaya inda ake samun mafi yawan ƙarfin, dole sai enzayim fairubet dihaidirojines, shi kuma bai motsi sai da tayamin. A ciki kuma cikin zagayen Krebs akwai na biyu, alfa ketogulutaret dihaidirojines, shima sai da tayamin. Na uku tiransketoles a wata hanya ta gefe, shima haka. In sukari ya tsaya a fairubet ATP, wato ƙarfin da jiki ke aiki da shi, guda 2 kacal aka samu, in ya wuce har ƙarshe kusan 30. Kun ga bambancin ai

Alhaji Mai Raguna: Yaro ka kashe mu da sunaye, na ɗauka maganin ne kake lissafowa in je in sawo

Dakta Daura: Hhhh ƙanena yai daidai, sai dai ya manta ba jarabawa yake ba. Abin da nake so ku riƙe shine me yasa ƙwaƙwalwa ce ke fara faɗuwa ba cinya ba, tunda duk jikin ne ya rasa bitamin ɗin. Ƙwaƙwalwa gida ce da ba rumbu, kullum sai an auno. Tsoka tana da ajiyar sukari, tana ƙona kitse, in ta gaji ta huta. Hanta ma tana da ajiya. Ita ƙwaƙwalwa ajiyarta kaɗan ce ƙwarai, bata ƙona kitse, kuma bata hutawa ko dabba na barci. A mutum ma nauyinta kashi 2 cikin 100 ne na jiki amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin. Kuma babban rabon ƙarfin nan yana tahiya ne ga enzayim guda da ke fitar da sodiyam daga cikin ƙwayoyin jijiya ba dare ba rana. Da ƙarfi ya yanke sai sodiyam ya taru a ciki, ruwa ya bishi, ƙwayoyin su kumbura, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Shine kuke ganin yana danna kai a bango yana wurga wuya baya. A wannan matakin ƙwayoyin sun kumbura ne basu mutu ba, in tayamin ya iso sai su farfaɗo. In aka kwana aka wuni suka mutu to ko kwalba goma ka zuba ba mai dawo da su. Shi yasa nace tashi yanzu, ban ce gobe ba.

Baban Khalifa: Dakta ina shagon magani, mai shagon yace babu zalla sai B kwamfiles, wai duk ɗaya ne har ma wannan ya fi don ya haɗa komai

Dakta Daura: Ba ɗaya bane. Juya kwalbar ka karanta nawa ne B1 a kowane mil. Yawancin haɗin nan tayamin ɗin ciki kaɗan ne, in ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba ba zai kai ko kusa da 500 ba. Leƙa wani shagon, ko kemis na mutane ma ana samun ta. In duk babu to ka sayi mafi ƙarfin da ka samu ka turo mani hoton takardar in lissafa maka, ya fi zama haka nan.

Baban Khalifa: Na samu a na gaba, mai 100. Akwai wani ma'aikacin dabbobi a layinmu na kirashi yana hanya

Mai Tantabara Rafindadi: Ni abin nan ya tuna mani kajina. Na taɓa basu maganin zawon jini na ƙara hannu kuma na daɗe ina basu, sai wasu suka fara zama kan gwiwa suna wurga kai baya. Ko duk dangi ne?

Ɗalibi Samaru: Yaya in amfuroliyam ne to dangi ne na kusa. Maganin an ƙera shi ne da siffar tayamin don ƙwayar cutar ta ɗauka ta rasa na gaske ta mutu, in yai yawa ko aka daɗe sai ita ma dabbar ta rasa. Har tumaki da awaki yana ma haka. Kuma abin mamaki da tsuntsaye aka gano duk labarin nan. Wani likita ɗan Holan, Eijkman, a tsibirin Jaba wajen 1890 zuwa sama ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka surfe suna shanyewa, in aka maido masu da dusar sai su miƙe, har ya samu kyautar Nobel a 1929. A 1926 aka fara tace bitamin ɗin daga dusar shinkafa. Sannan wani Bature Rudolph Peters a Oksfod cikin shekarun 1930 yai aiki da ƙwaƙwalwar tantabaru masu wurga kai baya, ya nuna naman ƙwaƙwalwar ya kasa ƙona fairubet, da ya ɗiga tayamin a kai sai ya ci gaba da shan iskar oksijin. Tantabarunka sun yi ma duniya aiki Yaya

Mai Tantabara Rafindadi: Ikon Allah. Yau zan ƙara masu gero

Alhaji Mai Raguna: Toh ga tambaya, in dusa ce maganin a kaji, shi wannan ai dusar yake ci

Dakta Daura: Tambaya mai kyau Alhaji. Kaza bata da tumbi, abin da ta ci shi take samu. Rago kuwa duk abin da ya haɗiya sai ya fara biyawa ta tumbi, in masu farfasawa sun yi yawa a can ko na cikin dusar ma basu bari. Shi yasa a wannan hali allura ake yi, a tsallake tumbin. Akwai kuma wata hanyar da ke kawo irin ciwon nan sak ba tare da tayamin ya ragu ba, yawan farar wuta a ruwan sha ko a abinci, tumbi ya juya ta ta koma iska mai guba. Ita ma ana gwada allurar amma bata cika ji kamar wannan ba.

Baban Khalifa: Jama'a Alhamdulillah. An yi ta farko kafin azahar, ta biyu bayan la'asar sosai, yanzu ya sauke kai ya daina danna bango har ya ɗan ja harawa. Amma har yanzu bai gani, sai ya bi ƙamshi yake samun kwanon ruwa

Maman Ummi: Masha Allah. Ni dai duk da haka a yi mashi addu'a

Dakta Daura: A yi Hajiya, da addu'a da allura ba sa faɗa. Baban Khalifa kar ka tsaya don ya ji sauƙi, cika kwanakin. Gani shi ke zuwa ƙarshe, wani kwana biyu wani sai sati ko fiye, wani kuma bai dawowa duka. Kuma kar masara ta koma gabanshi yanzu.

Malam Na Sabon Layi: Abin lura dai, in ganin bai dawo ba har ranar sallah to bai isar ma layya, tunda ko mai ido ɗaya da abin ya bayyana an hana balle makaho. Naman halal ne a ci, layya ce dai babu. Gara ka fara shirin madadin tun yanzu in da hali.

Baban Khalifa: Na gode Malam, Allah shi bada iko

Ɗan Mashi: Ni fa an wuce maganata kaman ban san me nake faɗa ba. Jakar ruwan nan da hannuna na ciro ta ba labari aka bani ba

Dakta Daura: Ba a wuce ta ba ɗan uwa, gaskiyarka ce akwai ta. Ɗiyan tsutsar cikin kare ce, kare yai kashi a makiyaya tunkiya ta ci ƙwan da ciyawa, ya je ƙwaƙwalwa ya zama jaka. Amma ita a hankali take zuwa, makonni dabba na karkata kai tana zagaye gefe guda tana ramewa. Wannan dare ɗaya ne kuma bayan canjin abinci. Ku da kuke kiwo a daji taku kuka fi gani, mu na cikin gari da turke wannan muka fi gani. Kuma in kun yanka irin wannan dan Allah kar a jefa ma kare kan, nan ne take komawa ta sake zagayowa, a ƙona ko a binne da zurfi. Shi yasa ma na jero mashi tambayoyi da farko, kaska na kawo ciwon da ke sa dabba shure-shure amma da zazzaɓi mai ƙarfi, dalmar batir in sun lasa tana makantar da su kusan iri ɗaya, ga haukan kare wanda shi in ana zargi ko hannu kar a sa a bakin dabba.

Ɗan Mashi: Yanzu kai magana

Maman Ummi: Dakta tunda ana ciki, bara tunkiyata mai ciki ta kusa haihuwa ta daina ci ta zama kaman bata gani tana cizon haƙora, ta kwanta bata tashi ba, da aka yanka biyu ne a cikin. Shima B1 ɗin ne?

Dakta Daura: Inaga a'a Hajiya, wannan sukarin ne kanshi ya ƙare. Tunkiya bata samun sukari kai tsaye daga abinci kamar mu, bakteriyar tumbi sun riga sun cinye, hantarta ce ke ƙera kusan duka daga abin da suka bari, shi yasa ko tana lahiya sukarin jininta bai kai namu ba. A sati shida na ƙarshe 'yan biyu suna jan sukari sosai kuma sun matse tumbin ta kasa cin da yawa. Sai jiki ya fara narka kitse, wasu sinadarai da ake ce ma kiton su taru a jini. Mutum in ya daɗe da yunwa ƙwaƙwalwarshi tana iya komawa kan kiton ɗin, ta tunkiya kuwa bata iya amfani da su sosai. Enzayim ɗin duk suna nan lahiya, abin sarrafawar ne babu. Kin ga ita wannan hatsin ma take buƙata, kaɗan kaɗan ana ƙarawa a ƙarshen ciki, kuma in ta fara alamun tun tana tsaye ake kiran likita, in ta kwanta da wuya.

Maman Ummi: Allah sarki, ni kuma lokacin rage mata nai wai kar ɗan yai girma ta kasa haihuwa, haka tsofaffi suka ce mani

Alhaji Mai Raguna: Wato a ba rago hatsi laifi, a hana tunkiya hatsi laifi. Dakta ku dai ba a iya maku

Ɗan Mashi: Toh gyauron dawa fa? Wannan kam ko minti talatin saniya bata yi, tana ci tana faɗuwa. Mu tun muna yara ake dukanmu in muka bar shanu suka shiga

Ɗalibi Samaru: Shi kuma can ƙarshen layin yake bugawa. Ƙaramar dawa da gyauro, musamman wadda fari ya kama ta tsumbure, tana da wani sinadari durin, in ya shiga tumbi sai ya saki sayanaid. Sayanaid ɗin yana kama enzayim na ƙarshe a maitokondiriya, saitokurom oksides, wanda shi ke sa ƙwaya ta yi amfani da oksijin. Sukari na nan, tayamin na nan, jini na nan cike da iska amma ƙwayoyin sun kasa karɓa, shi yasa in an yanka jinin jawur yake fitowa fiye da ƙima. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ke fara tsayawa

Dakta Daura: Haka ne, kuma nan tayamin bai da amfani, maganinshi daban ne, sodiyam tayosalfet ta jijiya, kuma sau da yawa kafin likita ya iso an gama. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci ma haka yake, masu turke a kula. In dawa ta girma ko karan ya bushe sosai gubar na raguwa ƙwarai, shi yasa karan rani bai komai. Gero bai da wannan gubar.

Alhaji Mai Raguna: Duk naji. Amma maganar gaskiya Dakta ba mai turke rago da harawa zalla ya kai shi Mai'adua ko Charanci ya samu kuɗi, mai saye ƙirji da gadon baya yake taɓawa. Dole sai hatsi. Ni kanwa nake jiƙa masu kuma ban taɓa samun wannan ba

Dakta Daura: Ban ce a daina hatsi ba Alhaji. Cewa nai kar a yi tsalle. A fara da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa cikin sati biyu zuwa uku har tumbin ya saba, a raba shi sau biyu ko uku maimakon a jibge, a fara bada harawa ko ƙowa kafin hatsin, kuma kar a niƙe shi ya zama gari, ɓarzawa ta isa. Tuƙa ita ke kawo yawu, yawun ke kashe tsamin tumbi, ragon da ya daina tuƙa ko kashinshi ya fara laushi to a ja baya. Kanwa tana ɗan rage tsami gaskiya ne, amma bata maye harawa kuma in tai yawa ita ma matsala ce. Ina kyautata zaton kai a hankali kake ƙara masu ba tare da ka kira shi wani ilimi ba, shi ya tsare ka.

Alhaji Mai Raguna: Eh toh, tun ina yaro haka mahaifina ke yi, tafi ɗaya yake farawa da shi

Mai Tantabara Rafindadi: Dakta kwalbar tayamin ɗin in mutum ya saya ya aje sai an sa firij? Wutar unguwarmu sai a hankali

Dakta Daura: Yawanci ba sai firij ba amma bi abin da aka rubuta a jikinta. Nesa da rana da zafi, cikin kwalinta, kar a barta cikin but ɗin mashin, kuma a duba ranar lalacewa kafin a biya kuɗi.